Rasuwar Kwandon Mma Damata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai cike da hayaƙi, gidan Malam Sidiku na zangon Bawku yana sanar da rasuwar Kwando, abokin aikin uwargidansa Mma Damata mai wake da shinkafa, wanda ya cika ranar Talata da hantsi.

An haifi marigayin a Salaga. Gwaggon Damata ce ta saƙa shi, ta cusa masa audugar rimi, ta lulluɓe da tsohon zane. Aikinsa ɗaya ne: in wake ya tafasa, sai a sauke tukunyar a zaunar da ita a cikinsa, a rufe, a kashe wuta. Shi zai ƙarasa dahuwar da zafin da ya riƙe. Bai taɓa neman icce ko gawayi ba, bai taɓa sa kowa tari ba. Ba a san muryarsa ba, sai ɗan "ƙiiƙ" ɗin da yake yi in an ɗora masa nauyi.

Saboda shi Damata ta san rafi da safe, ta san gidan suna da na biki. Shekarar da faɗa ya tashi, ta bar gado da akwati a Salaga, shi ta ɗauka a ka. A Yendi, inda ta fake, lokacin da ba mai iya shiga daji neman icce, shi ya ciyar da gida uku da ɗan karan dawa.

Ya yi jinya. Ɓeraye sun yi ta satar audugarsa, damina ta ci gindinsa, aka yi masa faci da buhu. Ranar Talata wani garwashi ya manne a ƙasan tukunya, ba wanda ya gani. Damata tana rafi tana wanki, shi yana ci da wuta a hankali. Da ta dawo, rabinsa toka ne. Waken kuwa ya nuna lugub.

Ya bar tukunya ɗaya, da ludayi, da Damata, wadda yanzu ba ta iya matsawa daga bakin murhu tun asuba har azahar. Wanki ya taru. Gwaggo ta rasu, rimin unguwa an sare shi an yi katako. An ce akwai wani rimin a wajen Binduri. Malam Sidiku ya ce ta je ta tsinto audugar a yi sabo. Ta ce, "Malam, in na tafi, wa zai hura wutar?"

Za a yi zaman makoki a bakin murhu, don mai makokin ba ta da halin fitowa zaure. Mai zuwa gaisuwa ya riƙo icce ko guda ɗaya. Abin da ya rage na marigayin kuwa ba za a kai shi juji ba: gobe da asuba Damata za ta tura shi ƙarƙashin tukunya da hannunta.