Takalmin da Ke Ƙarƙashin Labule

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta ƙarshe a sashen shari'a ba, don a cikinta na tafka abin da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bincikena a kan kotunan da ke hukunta masu laifukan yaƙi ne, musamman yadda ake kare shaidu: a sakaya sunan mutum, a zaunar da shi bayan labule, a sauya muryarsa da na'ura, don kada waɗanda ya tona wa asiri su bi shi har gida. (Duk wanda ya zauna kusa da ni a taksi a shekarar nan sai da ya sha wannan karatu.)

Matsalata ɗaya ce a duniya, sunanta Nasiru. Tare muka taso. Babansa, Alhaji Idi, mutumin Agadas ne mai sayar da kayan fata a unguwar PK8 ta birnin Libreville, nawa kuma Bakano mai kanti a unguwar Lalala. Mu biyu ne kaɗai Hausawa a ajin, amma shi Allah ya ba farin jini, ga Faransanci kamar a bakinsa aka yanke wa yaren cibiya. Ni in kwana ina haddar hukuncin kotu, shi ya leƙa a hanya ya zo ya fi ni. Baba kuma kullum sai ya ƙara wa miyar gishiri: "Yaron nan na Alhaji Idi zai yi nisa." In ce Allah ya sa, a zuci kuwa kishi na cin raina.

Sai malamarmu ta sanar cewa wani tsohon alƙali zai zo daga waje, za a yi kotun gwaji a gabansa, ya zaɓi ɗalibi ɗaya da zai je kotun duniya da ke birnin Hague koyon aiki. Gurbi ɗaya tak! Wa aka tura ya tarbo baƙon ya zaga da shi gari? Kun riga kun sani. Ni ko fuskar mutumin ban gani ba. Aka ba ni matsayin lauyan wanda ake tuhuma, aka ce shaidan da zan yi wa tambayoyi sirri ne, kamar a kotun gaske.

Ranar na sha kwat ɗin aro a wannan zafi na Libreville. Baba ya rufe kanti ya zo, shi da Alhaji Idi suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Na duba ko'ina ban ga Nasiru ba, raina ya yi fari. Baƙon kuwa na ɗauka yana cikin manyan da ke layin gaba, don haka can na riƙa juyawa ina kaɗa hannu.

Na fara tambayoyi. Muryar na'ura ta riƙa amsawa a tsanake, duk tarkon da na ɗana ta tsallake shi. Na ce yaya ya gane sojojin da ya ce sun kai hari alhali yana ɓoye, ya ba da amsar da ta sa aka tafa. Ina sunkuyawa in duba takarduna, idona ya faɗa ƙarƙashin labule. Takalmin fata ja, ɗinkin Agadas, mai koren ado a baki, sak wanda Nasiru ke sawa kullum.

Kaina ya yi zafi. Ashe ko a bayan labule ma shi za a tafa wa? Na ajiye takardu, na nuna labulen da yatsa, na faɗa da Faransanci yadda kowa zai ji cewa wannan shaida ba wani ba ne illa Nasiru Idi na PK8, kuma bai taɓa ganin yaƙi ba. Don kada iyayenmu su tashi a tutar babu, na ƙara da Hausa: "Fito, malam! Na gane takalminka."

Can baya, daga bayan teburin na'urori, wani kai ya ɗago.

"Na'am? Ga ni nan, ni ke kula da murya," in ji Nasiru.

Aka yaye labule. Wani dattijo mai furfura ya fito a hankali. Baƙon ne. Ashe jiya da Nasiru ya kai shi shagonsu, Alhaji Idi ya ba shi takalmin kyauta, irin ta baƙunta.

Dattijon bai ɗaga murya ba. "Malam lauya," ya ce, "da kotun gaske ce, kuma da ka canka daidai, mutumin nan ba zai sake kwana a garinsu ba, shi da 'ya'yansa. A kan me ma kake bincike?"

Da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba na ce, "Kare shaidu."

Har malamarmu sai da ta rufe baki da hannu. Da muka shiga taksi Baba ya ce: "Kai yanzu har ƙafar mutane kake sa wa ido?" Ya juya wajen taga har Lalala.

Nasiru ne ya tafi, ba sai na faɗa ba. Abin haushi, kafin ya tashi har gida ya zo ba ni haƙuri, ya ce kowa na iya kuskure. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Darasin da na ɗauka shi ne, mai hassada ba ya buƙatar maƙiyi, shi ke shigar da ƙarar kansa, ya kawo hujja, ya kuma gayyato babansa ya zo kallo.