Kujerar Bakin Windo

"Lafiya lau, amarya, ƙafa da sauƙi. Ke ce dai aka ce jikinki ya yi sanyi."

Baba Zamani ke nan, tsohon ma'aikacin reluwe, yake amsa gaisuwar jikarsa Afiniki a gindin mangwaron gidansa a Kafanchan, cikin daminar 1977. Saura kwana tara ta tashi zuwa Amurka karatun nas, kuma duk unguwa an san tsoron jirgin sama ya kama ta. Su biyun nan in sun haɗu ba mai raga wa wani. Shi ya ce matarsa ce, ita ta ce ko kyauta ba ta so.

"Wa ya gaya maka? Tsofon miji sai gulma," in ji Afiniki.

"An ce a Legas za a tambaye ki sit ɗin da kike so ki zauna a kai. Me za ki ce?"

"Tsakiya. Mutum a dama, mutum a hagu, ni da Littafi Mai Tsarki."

"Tsakiya kamar buhun citta? Windo za ki ce."

"In leƙa in ga me? Ruwa ne awa goma, Kaka, ba ko bishiya."

"To bari. Zan raka ki Legas. Jirgi yana tsayawa, in jefa hulana ta windo, ya faɗa kan sit, shi ke nan an kama miki. Shekara talatin haka ake yi a tashan nan, ban taɓa ganin wanda ya ɗaga hulan wani ba."

Afiniki ta riƙe ciki don dariya. "Windon jirgin sama ba ya buɗuwa."

"Ba ya buɗuwa? To masu ayaba da gyaɗa ta ina suke miƙa kaya in an tsaya?"

"A tsaya ina? Akwai tasha a kan teku?"

"Awa goma ba tasha? Direban bai san aiki ba. Ki gaya masa mijinki ya ce."

"Miji mai haƙori uku. Ni Bature zan samo, mai mota."

"Samo shi mana. Rana ɗaya zai ga yadda kike tuƙa tuwon acca, ya dawo mini da ke a fos ofis."

Ta zauna a kan turmi, dariyar ta ɗan ragu. Ta ce, "Gaskiya, Kaka, in na ga ƙasa ta yi nisa zuciyata za ta tsinke. Jiya har na ce wa Mama ko in fasa."

Tsohon ya ajiye sandarsa. Abin ya taɓa shi, amma ba shi ne zai nuna ba.

"Ki fasa, in sake ki yau, gaban Fasto. Ji nan. Na je Fatakwal ya fi sau ɗari, na je Inugu, na je Jos. Tambaye ni me na gani."

"Me ka gani?"

"Wuta. Ina gaban inji da shebur, ina zuba gawayi. Fasinja su sauka suna labarin gadan Makurɗi, ni da na kai su ban ɗaga kai ba. Yanzu jinina zai ƙetare teku, a ce ta zaɓi ta kalli ƙeyan wani?"

Afiniki ta kama wasa da bakin zanenta.

"To in na suma fa?"

"Ki suma a windo. In kin farfaɗo ki ci gaba da kallo, ki rubuto mini. Ina son in san kalan ruwan, da ko gajimare yana da baya."

"Kai da ba ka iya karatu ba?"

"Fasto yana nan. Zai karanta sau biyu, na biyun a coci."

"Wannan tsofo, Allah ya haɗa ni da fitina." Ta miƙe tana kaɗe zane, dariya ta dawo mata. "Na ji, zan ce windo. Amma ka sani, ido ɗaya zan buɗe."

Baba Zamani ya laluba aljihu, ya ciro goro, ya ɓare, ya miƙa mata ɓari mafi girma.

"Ɗayan ya ishe ni, amarya. Wanda kika rufe naki ne."