Ranar da Na Yi Ham da Baki

Ba zan taɓa mantawa da ɗaukar amaryar ƙanena Sada ba, ko da na so. Lokacin kuɗin mai ya buɗe, kowa na fasa sabuwar mota, ni kuwa tsohuwar a-kori-kura gare ni, wadda nake kai hatsi kasuwar Ƙanƙara da ita. Ham ɗinta ya daɗe da mutuwa, ƙofa nake duka da hannu.

To amma ni ne babban wa, dole motata ce gaba. A garinmu Daudawa kuma mata ba su fitowa tarbar amarya sai motar gaba ta yi ham, na baya ba su riga ta. Na sheƙa Funtuwa na sayo sabo fil mai baki biyu, na dawo majalisa ina cika baki: "Ina Faskari zan danna, ku ji a Daudawa."

Da kaina na ɗaura (makaniken me, a kan noti biyu?). Saboda gargadar hanya na yanko robar tsohon tif na taya, ninki uku, na shimfiɗa tsakaninsa da ƙarfen mota kada ya ji ciwo. Na danna. Wani ɗan kuka ya fito, kamar ɗan akuya mai mura. Na ƙara wa batir ruwa, na kankare kansa, na sake fis, na ƙwanƙwasa da sifana. Ƙarshe na ce ai sabo ne, in ya sha hanya murya za ta buɗe.

Ba ta buɗe ba. Mun taso daga Ketare, garin su amarya, motoci biyar a bayana, amarya da gwaggonta Hajiya Indo a gefena. A bakin Daudawa shanu suka tare hanya. Na danna har da gwiwar hannu, ko saniya ɗaya ba ta ɗago kai ba.

"Wan ango," in ji Hajiya, "ɗiyata ba ta shiga gari shiru kamar kayan sata. Ko ka yi ham, ko ka juya da mu."

Me ya rage? Na zura kai ta taga, da babbar riga da hula, na kwarara: "Fiiim! Fiiim!" Wallahi shanun suka watse. Na baya suka amsa da nasu, mata suka fito suka same ni baki buɗe. Guɗa ta koma dariya, ita kanta amarya mayafinta girgiza yake.

Baba Audu makanike yana cikin 'yan biki. Ya ɗaga bonet ya leƙa.

"Wa ya yi mashi katifa?"

Ya zare robar, ya ɗaure notin. "Wuta ba ta bi ta roba, ɗan nan. Sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe." Ya danna sau ɗaya, Liman da ke gefe ya firgita ya saki goronsa.

Tun ran nan na san iyakata: tuƙi na iya, ba gyara ba. In ana ɗaukar amarya kuma, motar ƙarshe nake ja, ta kwanuka.