Rasuwar Injin Waldar Baba Mai Walda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ido kuwa a bushe domin ba a taɓa ganin hawayensa ba, Baba Mai Walda na sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar injin waldarsa. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana tsakiyar ɗinke ƙofar gareji, bayan shekara talatin da ɗaya a hannun gwani.

Marigayin ba shi da ƙyuya, sai dai ci. In ya ja wuta, ƙwan shagon tela sai ya yi ja, fankar mai aski ta tsaya ta huta. Da safe yakan ce "hummm", in ya kama ƙarfe ya ce "tsss-tat-tat". Bai taɓa faɗin abin da ya wuce haka ba.

Ciwon ajalin ya faro ne da ƙona fis, 'yar wayar nan mai tsinkewa in wuta ta yi yawa, har sau uku a yini. Surukin Baba, mai aikin haɗa wayar lantarki, ya zo da jakarsa ya gwada, ya ce wayar bangon siririya ce, ta fitila da rediyo, ba za ta ɗauki abin da injin ke ja ba, sai an ja masa kakkaura tasa shi kaɗai daga mita. Baba bai taɓa zama a aji ba, amma wuta ta ja shi sau goma sha ɗaya, kuma kowane karo ita ta fara saki. Irin wannan mutum ba a koya masa lantarki. Ya duba ya gano fis ɗin ne rago, ya cire shi, ya sa ƙusa mai inci huɗu a gurbinsa.

A shaida, ƙusar ba ta ƙone ba. Wayar bango ce ta narke, soket ya yi baƙi, marigayin ya yi "fuf" sau ɗaya, shago ya cika da ƙaurin roba. Baba ya fito da ƙafarsa, ban da gira ɗaya.

Marigayin ya rasu ya bar kebul biyu, gilashin fuska mai tsaga, rabin kwalin sandar walda, da ƙofar gareji mai ƙyaure ɗaya, wadda mai ita ke zuwa gaisuwa kullum.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar, a wajen mai sayen tsohon ƙarfe, inda za a ɗora marigayin a sikeli. Ana karɓar gaisuwa a bencin ƙofar shago, ba a karɓar tambaya. Washegari suruki zai ja sabuwar waya mai kauri daga mita, shawarar da Baba ya daɗe da ita a ransa. Baba da kansa zai tsaya a kansa, kada ya yi kuskure.