Rasuwar Kabewar Gonar Baba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, ni Salmanu Abarshi mai hoto, na bakin kasuwar Birnin Gwari, a madadin kaina da mahaifiyata Inna Huraira, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kabewarmu, wadda ta cika ranar Juma'ar da ta wuce a cikin tukunyar matata Furera.

An haifi marigayiya a gonar Baba da ke hanyar Gwaska, kuma ita ce autar gonar. Irinta Inna ta zo da shi daga gidansu tun tana amarya, ba a taɓa yin damina ba ta shuka shi ba. Bara mutanen daji suka hana noma a wajen, muka tattara komatsanmu muka dawo gari. Marigayiya ta fito da kanta, ba shuka ba noma. Da kaka maƙwabcinmu na gona, Andrawus, ya yi kasadar leƙawa, ya tarar da ita ita kaɗai cikin ciyawa, ya goyo ta a babur kamar jinjira. Inna ba ta yi kuka ba da ta gan ta. Shafa ta kawai ta yi, ta ce in ɗauki hotonta in wanke babba a rataya mata a ɗaki, tunda gonar dai ba ta sa ran sake gani.

Jama'a sun san yadda sana'armu ta koma. Yau wanda ya ɗinka sabuwar shadda ba ya son hoto, kada labarin arzikinsa ya isa daji. Sai na koma ɗaukar abin da ba ya motsi: zuma, doya, takalman 'yan kasuwa. A duk waɗanda suka taɓa zama gaban kyamarata ban ga mai haƙurin marigayiya ba. Ba ta taɓa ƙifta ido ba. Ba ta taɓa cewa in ƙara mata hasken fata ko in rage mata tumbi ba, alhali tumbin akwai shi, tubarkalla. Magana ɗaya gare ta: in ka ƙwanƙwasa ta, ta ce dum, dum, ta yi shiru.

Na zaunar da ita kan baƙin yadi. Na jingina mata laujen Baba. Na gwada ta da ludayi, na cire ludayin, na mayar. Na matsa da ita hagu, inuwa ta cinye mata rabin fuska. Na dawo da ita dama, ta yi ƙyalli kamar an shafa mata man kaɗanya. Duk wanda na ɗauka sai in goge, don kabewar Inna ta fi ƙarfin hoton da za a ce ba laifi. Inna har ta sa an buga ƙusa a bango. Kullum ta tambaya, in ce mata haske bai yi ba tukuna.

Ciwon ajali ya fara da zafin bazara. Wani tabo ya fito mata a ƙasa, wurin ya yi laushi, muryarta ta koma buf, buf. Hankalina ya tashi. Ana haka, ranar Juma'a da hantsi, na ga hasken da nake nema, a ƙofar madafa, inda rana ke ratsa zana ta gauraya da hayaƙi. Nan da nan na ɗora ta kan faifai. Na jera mata tattasai don ja, alayyafo don kore, albasa a gefe, ga 'yar ƙwarya da gyaɗa. Wallahi tunda nake ban taɓa tsara abu mai kyau haka ba. Na ɗaga kyamara, batir ya mutu. Na ruga shago caji, daga can kuma masallaci.

To a gidanmu, tun zamanin kakana, duk abin da maigida ya ajiye a ƙofar madafa cefane ne. Furera ta ɗauka hoto ya kammala an sallami baiwar Allah. Ta ce tunda muka yi aure ban taɓa kawo cefane cikakke irin na ranar ba. Na dawo na tarar da tuwon shinkafa da miyar taushe, na ci, na nemi ƙari, na sa wa mai girki albarka. Sai da na wanke hannu na tambayi ina aka kai kabewa.

Iyalan marigayiya sun yafe wa Furera. Ita kuwa har yanzu tana cewa ba ta ga abin yafewa ba.

Ni na kai wa Inna labari. Na tarar ita ma ta ci nata. Ta ce tun loma ta farko ta gane, don ƙasar gonar ta ji a bakinta. Ba ta yi zancen hoto ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Abu ɗaya ta tambaya, ko an zubar da 'ya'yan. Ashe Furera ta wanke su ta shanya a kan faifan nan. Na ɗauke su hoto yadda na same su, ban gyara ko guda ba.

Marigayiya ta bar Inna, da ni, da ƙusa a bango, da marayu cike da tafin hannu.

Za a yi jana'iza washegarin ruwan farko, a bayan gidanmu, tunda maƙabartar dangi ba ta shiguwa. Andrawus ne zai haƙa, Inna za ta sa 'ya'yan a rami da hannunta. Ana karɓar gaisuwa a shago. Don Allah kada a aiko da miyar taushe, masu awaki kuma su ɗaure abinsu. In Allah ya sa marayun suka tsiro, ranar zan ɗauki hotonsu in kai wa Inna, ko haske ya yi ko bai yi ba.