Rasuwar Mai Zafi, Madubin Motar Malam Haladu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci wanda har yau bai warware ba, Malam Haladu direba, na nan Sabo, Ibadan, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar madubin motarsa na hannun dama, wanda unguwa ta sani da suna Mai Zafi. Ya cika ranar Talata da hantsi a rumfar Ɗanliti mai gyaran rediyo, a shekara ta biyu da fara yaƙin basasar nan. Malam Haladu ya yarda tun yanzu, kafin wani ya tona, cewa bai cika duba baya da marigayin ba. Hularsa yake gyarawa.

Marigayin baƙo ne. Tare da motar ya zo daga ƙasar ƙanƙara, inda wani Bature safiyo, mai awon ƙasa, ya shimfiɗa masa siririyar waya a bayan gilashi don ya riƙa narkar da sanyin safiya. Baturen ya sayar da motar, ya koma gida, bai yi wa kowa bayani ba. A garin da mutum ke gumi tun daga sallar asuba, Mai Zafi bai taɓa fasa aikinsa ba. Ana tayar da mota sai ya ce "tik, tik," kamar dattijo mai gyaran murya, ya ɗau ɗumi. Saboda shi dillalan goro suke tsallake motoci masu sabon fenti su shiga ta Haladu zuwa tashar jirgi, kowa na son ya taɓa ya ji da hannunsa.

Hidimarsa ga jama'a ta fara ne ranar da Inno mai koko ta jingina kumatunta da shi saboda ciwon haƙori, ta ce ta ji sauƙi. Kafin Juma'a ta zagayo masu ciwon kunne da masu sanƙarewar wuya sun yi layi a ƙofar gida. Kowa da abin da yake shafawa kafin gashi: wani man shanu, wani man zafi, wani kitsen mesa. Gilashin ya yi dauɗar da ko hula ba a gani. Shi kuwa Haladu, da aka fara kiransa Haladu Mai Madubi, sai ya zauna a sitiyari yana taka mai, yana gyaɗa kai kamar wanda ya karanta likitanci a Ingila.

Sai Mahmuda mahauci ya zo da maruru a ƙeya, ya nuna lugub. Ya juya baya, ya danna ƙeyar a jikin gilashin. Abin da ya gangaro a jikin ƙofar ba na rubutawa a takarda ba ne.

"Oga, Allah ya saka," in ji Mahmuda. "Yanzu na ji iska."

Da yamma aka shigar da mota gida. Madina, uwargidan Haladu, wadda ita ke share motar kullum, ta wanke wurin da toka da sabulu, fuska a kawar. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, mota ka saya ko asibiti?"

Washegari Mai Zafi ya tashi da sanyi kamar randa. Nan jinya ta fara.

Wanda ya san wayar motar ciki da bai, Oga Okoro, ya rufe rumfarsa ya tafi Gabas tun kafin a fara harbi, kuma babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Aka kai marigayin wurin Baba Lamidi makanike a Mokola. Ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya kasa kunne, ya ce laifin batir ne. Aka ƙara wa batir ruwa, shiru. Daga nan sai Ɗanliti. Shi da harshe yake gwaji: ya lashi wayar, ya ce babu wuta. Ya jawo wata kai tsaye daga batir, ya naɗe mahaɗar da takardar azurfa ta kwalin sigari, ya ce, "Kawu, yanzun nan zai tashi."

Ya tashi kuwa. Ya ce "tsss." Ya ce "ƙas." Kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Da gilashin ya zube aka ga ashe marigayin yana riƙe da marayu. Kyankyasai ne, iyaye da jikoki da ƙwai, sun daɗe suna shan ɗumi a bayansa. Rabinsu sun gasu a cikin kitsen mesa da abin da Mahmuda ya bari. Mai tsiren da ke maƙwabtaka da rumfar, mutumin da ya shekara ashirin cikin hayaƙi, ya kwashe kayansa ya koma tsallaken titi.

Marigayin ya bar ƙanensa na hannun hagu, wanda bai taɓa yin zafi ba, bai kuma taɓa yin suna ba. Ya bar ƙofa da ramukan ƙusa biyu. Ya bar sauran kyankyasan, sun tare a ƙarƙashin kujerar fasinja. Ya bar Malam Haladu, wanda ya koma Haladu kawai, yana kallon dillalan goro suna shiga motar wani. Irin marigayin kuma ba za a samu ba, ko taya ma a zamanin nan sai wanda ya san soja.

Za a binne shi gobe bayan la'asar a jujin da ke bayan mahauta. Ba za a yi masa wanka ba, don babu wanda ya yarda ya taɓa shi. Masu rakiya su zo da ƙyallen toshe hanci. Ana roƙon Mahmuda ya yi zamansa a gida, an karɓi gaisuwarsa.

Madina ba za ta zauna karɓar gaisuwa ba. Jiya ta shaida wa mijinta cewa akwai wani ɗan makunnin wayar madubin a ƙarƙashin sitiyari, ta gano shi tana sharar ɓawon gyaɗa, kuma ita ta kashe shi ranar marurun. Lafiyar madubin ƙalau har ranar da aka fara yi masa magani.