A Ƙarƙashin Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Saratu ba, ko da ita amaryar ta manta. Kuma sifirin mota ne ya ja mini.

Babanmu ya rasu ya bar mana wata tsohuwar mota mai dogon baya, wadda ta girme ni, tana jibge a gidanmu na Samaru, kaji na ƙwai a cikinta. Saratu ta kafe sai dai a ɗauke ta daga coci a motar Baba. Na ɗauki gyaran a kaina. Inji ya tashi, fenti ya hau, amma sifirin baya (faffaɗan ƙarafan nan da ake jerawa bisa juna su riƙe nauyin mota) tsatsa ta cinye, kuma an daina kawo irinsa. Wani maƙeri a Sabon Gari ya ƙera mini sabo da farin ƙarfe mara tsatsa, daidai awon motar. Ya yanka, ya gasa, ya lanƙwasa, ya goge, har fuskata nake gani a jiki.

Matsalar ɗaya ce: abin alfaharina yana inda ba mai gani. Don haka duk wanda ya gaishe ni sai na sa shi ya durƙusa ya leƙa. Har fasto bai tsira ba.

Ranar biki, a harabar cocin da ke Sabon Gari, sai ga baban Rifkatu, yarinyar da nake nema. Tsohon soja ne daga Basawa, ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ya zagaya motar, ya tambaye ni ko za ta iya ɗaukar kaya ba ta zauna ba. Dama ta samu. Ya ce gwiwarsa ba ta durƙuso, na ce, "Baba, tsaya in ɗauko maka hoto." Na kwanta rigingine da babbar rigata, na ja jiki ƙarƙashin motar. (Ina da tumbi. Ba na musu, tuwon Mama ne.)

Ina can ina neman haske, aka taso daga coci. Matan zumunta suka fito da kiɗa da guɗa, Gwaggo Hannatu, yayar Baba, ta jagoranci gwaggonni suka duru a kujerar baya, aka loda kulolin shinkafa. Sifirin ya yi aikinsa yadda ya kamata: ya lanƙwasa a hankali, ko ƙara babu, ya sauke motar a kan tumbina.

Na yi ihu, kiɗa ya haɗiye. Sai da tsohon sojan ya bubbuga rufin motar ya ce akwai mutum a ƙasa. Gwaggo Hannatu ta leƙo, ta ga takalmana, ta ce, "Ni da na sha wuya kafin in sami wuri? Ku jawo shi kawai."

Abokan ango biyu suka kama ƙafafuna suka ja. Ni ban fito ba, amma wandona ya fito. Abin da ya rage a ƙuguna wani gajeren wando ne da ya ga duniya, mai taga a kowane gefe. Kiɗa ya tsaya. Mai ɗaukar bidiyo bai tsaya ba.

Dariya ce ta fito da gwaggonnin ɗaya bayan ɗaya, motar ta ɗaga, na rarrafo. Rifkatu ta miƙo mini mayafinta tana share hawaye, ba na tausayi ba.

Na ɗauka magana ta mutu ke nan. Amma da kawunnaina suka je tambaya, tsohon ya ce, "Na ba shi. Yaron nan babu abin da ya ɓoye mana."

Tun daga nan na gane cewa abin da Allah Ya ajiye a ƙarƙashi, mota ce ko mutum, a bar shi a can.